Tauraruwa Mai Wutsiya

Ni ne mai ba su abinci.
Sunana ba zai fito a takardar da za a buga ba,
amma ni na san wanda ke fara kai baki ga dusa,
na san mai yagaggen kunne da ke lafewa a ƙuryar keji
kamar wanda ake bi bashi.

Ɓeraye ashirin da huɗu, farare tas, idanu jajur.
Sha biyu a ɗakin gabas, ba abin da ya dame su.
Sha biyu a ɗakin yamma,
an ɗaure musu tsohuwar waya a gindin keji da salatif,
wadda Dakta Barira ta sayo a Fam Santa
bayan ciniki har da rantse-rantse.
Kullum in kira ta da tawa, in ɗaga, in ajiye,
awa huɗu layi a buɗe,
ba mai magana, ba mai saurare,
kati na ta ƙonewa a banza.

Sati takwas.

Ranar yanka na yi bisimilla,
ko da yake ba wanda zai ci.
Jini kaɗan, hanta kaɗan, ɓargon cinya.
Da la'asar Dakta ta kashe fitila ta ce, zo ka leƙa.
Na kanne ido ɗaya a bakin madubi,
sai ga dare, sai ga taurari koraye.
Ta ce, wannan dunƙulalliyar ƙwayar lafiyarta lau.
Waccan kuwa zaren gadonta ya tsinke,
dubi yadda ta ja wutsiya.

Kakata a Yakasai takan ce
tauraruwa mai wutsiya ba ta fitowa haka kawai.

Muka ƙirga har aka kira isha'i.
Na yamma sun fi yawan wutsiya,
amma na gabas ma ba su fita fes ba.
Dakta ta cire tabarau, ta murza ido.
Kada ka kai labari kasuwa, Lawandi.
Ka tuna zafin Afrilu,
ka tuna kwana ukun da aka ɗauke wuta firji ya yi kuka,
ka tuna ɓera ba ɗan Adam ba ne,
sha biyu kuma ba gari ba ce.
Sai an sake. Sai wasu ma sun sake.
Na ce, to me za ki rubuta?
Ta ce, ƙila.

Na ɗauko ƙila na shiga adaidaita a Kabuga.
Direba waya a kunne, kafaɗa ta tallafe ta,
na kusa da ni yana rarrashin wani a Legas,
tawa a aljihun ƙirji, da ɗuminta kamar ƙwai.

A Ɗorayi na tarar Huwaila ta yi barci,
tata a ƙarƙashin matashi tana numfashin haske.
Na zare a hankali na ɗora kan taga.
Uwarta ta ce, me masu farin kaya suka gano?
Na ce, ƙila.
Ta ce, ƙila ba ta cika tukunya,
ta juya ta ba ni baya.

Abin da ban faɗa wa Dakta ba:
wata Laraba, kafin in kira, wayar kejin ta yi ƙara da kanta.
Na tsuguna na ɗaga.
Wata tsohuwa ce, murya can nesa, ta yi ɓatan lamba.
Sagiru ne? Ka ci abinci kuwa?
Duk sha biyun suka daina tauna,
suka miƙe kunnuwa.
Na ce, Iya, an ci.
Ta yi ta sa albarka, ban katse ta ba,
minti shida da ba su shiga lissafi ba.

Gobe za a kawo sababbi daga Zariya.
Na wanke kejin, na zuba sabon ƙaiƙayi,
na sa wayar a caji.